Siffar Kiran Na'urar Rada: Yadda Ake Gane Mai Tsaye Da Mai Gudu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin dutse ya ƙwala kira, ya san amsa-kuwwa. Muryarsa ce ta tafi ta bugi dutsen ta komo masa, kuma gwargwadon nisan dutsen, gwargwadon jinkirin komowarta. A kan wannan ƙa'ida aka gina na'urar nan da ake kira rada, wadda ma'aikatan filayen jiragen sama suke dogara da ita wajen sanin inda kowane jirgi yake, ko da dare ne, ko kuwa hazon hunturu ya rufe gari har mutum ba ya hangen hasumiyar masallacin unguwarsu. Ita rada da igiyar rediyo take yin nata kiran, igiyar da ke cin kilomita 300,000 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato sakan guda. Kada mai karatu ya rikita sunan da raɗa irin ta kunne, ko da yake abin da ke komo wa na'urar ya fi raɗa rauni nesa ba kusa ba.

Tarihinta ba mai tsawo ba ne. Wajen 1887 Heinrich Hertz ya nuna cewa igiyar rediyo takan bugi ƙarfe ta dawo. A 1904 wani Bajamushe, Christian Hülsmeyer, ya ƙera na'urar da ke kaɗa ƙararrawa idan jirgin ruwa ya gitta gabanta. Ranar 26 ga Fabrairun 1935 kuwa, Robert Watson-Watt da abokin aikinsa suka gano wani jirgin yaƙi a sararin Daventry ta ƙasar Ingila, ta hanyar amfani da igiyar tashar BBC. Sojojin ruwan Amurka ne suka raɗa mata sunan da take amsawa a 1940.

Galibin mutane, in suka ga katafaren faranti yana juyawa a filin jirgi, sukan ɗauka cewa girmansa da ƙarfin wutarsa su ne sirrin aikin. Suna da muhimmanci, babu shakka, amma abin da ya fi cinye wa injiniyoyi ƙwaƙwalwa shi ne siffar kiran kansa: tsawonsa nawa, sau nawa za a maimaita shi, da wace murya za a yi shi. Amsar da aka bayar ga waɗannan tambayoyi ita ce take yanke abin da na'urar za ta gani, da kuma abin da za ta makance a kansa.

Gajeren bugu ko dogo

Mu fara da abu mai tsaye, domin tambaya ɗaya ake yi masa, wato nisansa. Rada takan saki ɗan bugun igiya, sannan ta yi shiru tana saurare. In aka raba daƙiƙa gida miliyan, kashi ɗaya daga ciki shi ake kira maikurosakan, kuma a cikinsa igiya takan ci mita 300. Da yake zuwa da dawowa take yi, jinkirin maikurosakan ɗaya yana nufin abin yana nisan mita 150. Amsar da ta yi jinkirin maikurosakan 400, alal misali, daga kilomita 60 ta fito.

To amma shi bugun yana da tsawo, kamar yadda jirgin ƙasa yake da kai da wutsiya. In jirage biyu suna bin juna da ɗan tazara, kan amsar na baya zai iso kafin wutsiyar amsar na gaba ta gama shigowa, sai su narke su zama ɗigo ɗaya a kan allo. Bugu mai tsawon maikurosakan ɗaya ba zai iya raba abubuwan da tazararsu ba ta kai mita 150 ba. Mai maikurosakan 100 kuwa, sai tazara ta kai kilomita 15. Ashe ke nan gajeren bugu ya fi kaifin ido.

Sai dai gajeren bugu ba ya ɗaukar ƙarfi mai yawa, ga shi kuma hanya tana cinye ƙarfin igiya ƙwarai. Tana bazuwa a tafiya, ta kuma sake bazuwa a dawowa, ta yadda in nisa ya ninka sau 2, ƙarfin amsa yakan ragu sau 16. Na'urorin farko sun yi maganin wannan ne da ƙarfin tsiya: bututun maginetiron da John Randall da Harry Boot suka ƙera a Jami'ar Birmingham a 1940 yana tattara wuta mai yawan gaske ya watsa ta cikin ƙiftawar ido. Amma akwai iyakar wutar da ƙarfe zai jure kafin tartsatsi ya tashi, kuma na'urorin zamani masu aiki da tiranzisto ba sa iya irin wannan tsawa. Hanya ɗaya da ta rage musu ta tara ƙarfi ita ce su tsawaita bugun, tsawaitawa kuwa tana dushe ido. Gaba kura, baya sayaki.

Dabarar da ta warware wannan ƙulli tana cikin mafi kyawun dabarun wannan fanni. An gane cewa kaifin ido bai rataya ga gajartar bugu ba, ya rataya ne ga faɗin muryoyin da ke cikinsa. Saboda haka sai a saki dogon bugu, amma a riƙa ɗaga muryarsa daga farko zuwa ƙarshe, kamar mai fito da ya fara da kauri ya ƙare da siriri. A wajen karɓa kuma a kafa wani mataci da zai jinkirta muryoyin farko, ya bar na ƙarshe su cim musu, har dukkansu su fito a lokaci guda a matsayin ɗan gajeren bugu mai ƙarfi. Abin ya yi kama da tseren da aka saki masu tsere ɗaya bayan ɗaya, amma aka bai wa na farko hanya mafi tsawo, don kowa ya iso ƙofa tare. Bugu mai maikurosakan 100 wanda muryarsa ta hau da megahaz ɗaya yakan matse ya koma kamar na maikurosakan ɗaya: ƙarfinsa na dogo, idonsa na gajere, mita 150 maimakon kilomita 15. Masana huɗu na ɗakunan binciken Bell da ke Amurka, Klauder da Price da Darlington da Albersheim, su suka fito da cikakken bayanin wannan a 1960, bayan shekaru ana riƙe da shi a matsayin sirrin soja. Ka'idar matacin da ya dace da siffar kira kuwa, D. O. North ya shimfiɗa ta tun 1943.

Akwai wata hanyar kuma, wadda ake yanka bugun gunduwa-gunduwa, a bar wasu yadda suke, a kifar da kaɗawar wasu, bisa wani jeri da aka zaɓa. Mafi shahara shi ne jerin da R. H. Barker ya bayyana a 1953. Mai gunduwa 13 ga yadda yake: biyar a miƙe, biyu a kife, biyu a miƙe, sannan kife, miƙe, kife, miƙe. In amsa ta hau daidai kan kwafinta, jimlar takan kai 13, in kuwa ta goce ko da gunduwa ɗaya ce, ba ta wuce 1. Abin mamaki, har yau ba a sami jeri mai wannan hali da ya wuce 13 ba.

Kowace daga cikin hanyoyin nan tana da kuɗinta. Matsewar takan bar 'yan inuwoyi a gaba da bayan amsar gaskiya, kuma inuwar babban jirgin fasinja tana iya binne ƙaramin jirgin da ke kusa da shi. Ana rage inuwoyin, amma sai ido ya ɗan dushe. Bugu da ƙari, rada ba ta ji a lokacin da take magana, don haka bugu mai maikurosakan 100 yana kurmantar da ita ga duk abin da ke cikin kilomita 15 na farko. Shi ya sa na'urorin filayen jirage na zamani suke haɗa biyu, gajere domin na kusa, dogo domin na nesa.

Mai gudu a cikin tarkace

Da sarari fanko ne, da magana ta ƙare nan. Amma igiya ba ta zaɓe. Na'urar da ke filin jirgin Malam Aminu Kano, ɗaya daga cikin tashoshin shirin rada na ƙasa baki ɗaya da aka ƙaddamar a Nijeriya a 2010, tana cikin birni ne mai duwatsu irin su Dala da Goron Dutse, da dubban rufin kwano da tankunan ruwa da turakun sadarwa, kuma kowane irin wannan abu yana mayar da amsa. Masana suna kiran waɗannan amsoshi tarkace, kuma sau da yawa sukan fi amsar jirgi ƙarfi sau dubbai. Ƙara wuta ba ya magani, domin tarkacen ma ƙaruwa za su yi. Dole a nemi abin da ya bambanta jirgi da dutse, abin nan kuwa shi ne motsi.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi mota ta wuce shi tana oda ya ji yadda muryar take siriri sa'ad da take tahowa, ta yi kauri da zarar ta wuce. Christian Doppler, mutumin Ostiriya, shi ya bayyana dalilin haka a 1842, kuma a 1845 Buys Ballot ya gwada maganar a ƙasar Holan, inda ya ɗora masu busa ƙaho a kan jirgin ƙasa, ya tsayar da masu kunnen kiɗa a gefen layin dogo. Haka igiyar rada take. Na'urorin filayen jirage suna aiki da zango mai kimanin santimita 10, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiya da tudun da ke biye. Jirgin da ke tahowa da gudun kilomita 270 a awa, irin gudun mai shirin sauka, yakan ƙara wa amsarsa kaɗawa 1,500 a daƙiƙa. A kan igiyar da ke kaɗawa sau miliyan 3,000 wannan ɗigo ne a cikin kogi, ba kuma a iya auna shi da kyau daga gajeren bugu guda. Sai an kwatanta bugu da bugu.

Ga yadda ake yi. A ce na'ura tana bugu 1,000 a daƙiƙa. Dutse bai gusa ba tsakanin bugu da bugu, saboda haka amsarsa ta yanzu daidai take da ta ɗazu, tudu kan tudu, kwari kan kwari. In aka ɗebe wannan daga waccan, ba abin da zai rage. Jirginmu kuwa ya matso da santimita 7 da rabi, hanyar zuwa da dawowa ta ragu da santimita 15, wato zango ɗaya da rabi, sai tudu ya faɗa inda kwari yake a da. Ɗebewa ba ta shafe shi, ƙara fito da shi ma take yi. Wahalar a shekarun 1940 ita ce inda za a ajiye amsar farko har ta biyu ta iso. Sai aka riƙa mayar da ita sauti, a tura ta cikin bututu mai cike da zaiba, inda take tafiya a hankali. Wannan bututun ne daga baya ya zama rumbun ajiya na kwamfutocin farko, irin su EDSAC ta Jami'ar Kambirij a 1949.

Yanzu mai karatu ya sake lissafin da jirgin da ke gudun kilomita 180 a awa. Tsakanin bugu biyu ya matso da santimita 5, hanya ta ragu da santimita 10, zango ɗaya cif. Tudu ya sake hawa kan tudu. A wurin na'urar, wannan jirgi da dutse duk ɗaya ne, sai ta shafe shi. Haka za ta yi wa mai gudun 360, da 540, da 720. Waɗannan su ake kira makafin gudu, kuma irin abin nan ne da ake gani a majigi, inda ƙafar mota mai gudu takan zama kamar ta tsaya cik, saboda kowane hoto yana kama ta ne a daidai inda na baya ya bar ta.

Maganin da zai fara zuwa wa mutum shi ne a yawaita bugun. In aka mai da shi 10,000 a daƙiƙa, makahon gudu na farko zai koma kilomita 1,800 a awa, ya fi ƙarfin kowane jirgin fasinja. To amma dole na'ura ta jira amsar bugu kafin ta saki na gaba. Da bugu 1,000, tana da lokacin jiran amsa daga kilomita 150. Da 10,000 kuwa, kilomita 15 kacal, kuma jirgin da ke kilomita 20 amsarsa za ta iso bayan bugu na biyu ya fita, sai a ɗauka yana kilomita 5. In aka ninka nisan da babu ruɗu a cikinsa da makahon gudu na farko, lamba ɗaya ake samu kullum muddin zangon bai sauya ba. Abin da aka ƙara wa wannan, daga wancan aka ɗebo shi. Taura biyu ba ta taunuwa a baki ɗaya.

Injiniyoyi ba su karya wannan doka ba, zagaye ta suka yi. Sukan sa na'ura ta yi jerin bugu da wani sauri, sannan ta sauya. Da bugu 1,000 makafin gudu suna kan 180 da ninkinsa, da 1,200 kuwa suna kan 216 da ninkinsa. Jirgin da ya ɓace wa jeri na farko zai bayyana a na biyu, kuma ba za su makance tare ba sai a kilomita 1,080 a awa. Rada ta jiragen yaƙi, wadda take leƙen ƙasa daga sama tana neman mai gudu a cikin tarkace masu yawa, takan zaɓi bugu mai yawan gaske, ta yarda da ruɗun nisa, sannan ta warware shi da irin wannan sauye-sauye.

Wanda ba ya motsi, ko yake kamar ba ya yi

A ganina nan ne aikin ya fi wuya, kuma nan ne littattafan koyarwa suka fi saurin wucewa. Sauyin murya irin na Doppler yana auna gudun tahowa ne ko na tafiya kawai. Jirgin da ke gitta gaban na'ura, bai matso ba bai nisanta ba, muryarsa ba ta sauya ko yana gudun kilomita 800. Haka jirgi mai saukar ungulu da ya tsaya a sama, da kwalekwale mai tafiya a hankali. Matacin da ke shafe duwatsu zai haɗa da su.

A shekarun 1970 ɗakin binciken Lincoln na cibiyar MIT a Amurka ya fito da tsarin da ya rage wannan asara. Maimakon a zubar da duk abin da bai motsa ba, sai a rarraba amsoshi cikin jerin matatai, kowane da gudun da yake kamawa, har da na sifiri. Shi na sifirin ana haɗa shi da taswirar tarkace, wato kwamfuta tana riƙe da ƙarfin amsar da kowane yanki ya saba bayarwa, tana sabunta shi a kowane zagaye. In wani yanki ya ba da amsar da ta zarce al'adarsa, to baƙo ya shigo.

Kaifin waɗannan matatai ya dogara ne ga daɗewar kallo. Farantin filin jirgi yakan zagaya sau 12 zuwa 15 a minti, haskensa kuma siriri ne, bai kai digiri ɗaya da rabi ba, don haka jirgi ba ya samun fiye da bugu kamar 20, cikin kashi 2 bisa 100 na daƙiƙa. Da wannan ɗan lokaci, abubuwa biyu da bambancin gudunsu bai kai kilomita 9 ko 10 a awa ba, ba za su rabu ba. Mai son ya fi haka sai ya rage saurin juyawa, ya kuma haƙura da jinkirin labari.

Philip Woodward, masanin lissafi a cibiyar binciken rada ta Malvern a Ingila, shi ya tattara duk wannan ciniki a hoto ɗaya cikin littafinsa na 1953. Ga kowace siffar kira ana iya zana wani tsibi a kan faifai, gefe ɗaya nisa, ɗaya gefen gudu, tsayin tsibin a kowane wuri kuma yana nuna yadda na'ura za ta iya rikita abu da maƙwabcinsa. Burin kowa shi ne tsinke guda siriri a tsakiya. Amma lissafi ya tabbatar cewa yawan abin da ke kan faifan ba ya raguwa. Kamar mudun gero ne: kana iya tara shi, ko ka baje shi, ko ka ja shi gefe, amma mudu ɗaya ne dai. Bugu mai hawan murya yana jan geron ya zama kunya a karkace, shi ya sa gudu yake ɗan gurɓata masa nisa. A misalinmu na baya, jirgi mai gudun kilomita 900 a awa zai bayyana da kuskuren mita 75, kuma ana gyara wannan ta hanyar bin bugu mai hawa da mai sauka. Jerin bugu kuwa yana rarraba geron ya zama tsirarun tsibi a jere, su ne makafin gudu da ruɗun nisa. Aikin mai tsarawa shi ne ya san inda abin nemansa da tarkacensa suke, ya tura geron inda babu kowa.

Halittu sun riga mu sanin wannan. Ƙananan jemagu masu cin ƙwari suna farauta da amsa-kuwwa, wasu da gajeren kuka mai zamewar murya wanda ke ba su nisa, wasu da dogon kuka mai murya ɗaya wanda ke tona kaɗawar fiffiken ƙwaro a cikin ganye, wasu kuma suna haɗa biyun. Manyan jemagun da ke rataye a itatuwan gari kuwa ba sa cikin wannan, da ido da hanci suke neman 'ya'yan itace.

A yau rada ta sauko kan titi. Motoci da yawa suna ɗauke da ita a goshi, tana aiki tsakanin megahaz 76,000 da 81,000, zangonta bai kai milimita 4 ba. Takan saki ɗaruruwan 'yan kiraye-kiraye masu hawan murya a jere, tana saurare tana cikin magana. Tazarar murya tsakanin abin da ke fita da abin da ke dawowa ita ke ba da nisa, sauyin da ke tsakanin kira da kira kuma ya ba da gudu. Da faɗin megahaz 4,000 tana iya raba abubuwan da ke da tazarar santimita 4. Motar da ke tafiya a gaba ba ta ba ta wahala, domin gudunta ya ware ta daga komai. Matsalar tana ga babbar motar da ta lalace ta tsaya a tsakiyar hanya. A wurin na'urar, wannan mota tana tahowa ne da gudu daidai da na gadar sama, da allon talla, da gwangwanin da aka yar a kwalta, kuma na'urorin da ba sa auna tsayi da kyau ba sa iya cewa wanne za a bi ta ƙarƙashinsa, wanne za a yi karo da shi. In aka ce mota ta taka birki saboda kowannensu, ba za ta tuƙu ba, don haka aka koya wa da yawa daga cikinsu yin watsi da mafi yawan abubuwan da ke tsaye idan ana gudu sosai. Sababbin na'urori masu eriya da yawa suna auna tsayi, ana kuma haɗa su da kyamara, amma littattafan jagora na motoci da dama suna ɗauke da gargaɗin cewa na'urar tana iya kasa ganin motar da ke tsaye, kuma ƙafar direba ce za ta taka birkin.